Injin Jirgina Ya Zama Kafin Alƙalamin Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Yauri.

Ni ban gaji ko tsinke ba. Da gumina na sayi jirgin fito, na sa masa inji, na yi aure, na riƙe Inna. Na ji ana tambaya a shirinka nawa ake bayarwa kafin alƙalami in za a sayi gida, to ga abin da ya same ni.

Mai gidan da muke haya ya rasu, magada suka sa gidan a kasuwa. Babbansu ya ce, "Malam Garba, kashi ɗaya cikin uku muke so a hannu, sauran ka biya a hankali. In babu, akwai mai saye, ku nemi wani wuri." Abin da na tara bai kai ba. Inna har ta fara ɗaure kwanoninta.

Sai na kwance injin jirgina na sayar, na cika musu, na koma tuƙin hannu da filafili. Abokan sana'a suna wuce ni a ruwa suna ihu, "Mai Filafili, a ja ka da igiya?"

To bana na biya sauran, na sayi sabon inji, Inna ta kwance kwanoni. Masu ihun kuwa har yau haya suke biya.

Don Allah kada ka ce "wani mai sauraro". Ka rubuta sunana, ka faɗe shi da ƙarfi su ji: Garba Mai Filafili, mai gidan kansa.