Malama Safinatu da Ajin Bayan La'asar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Mai unguwa da wakilansa, ranku ya daɗe. Sarkin fawa da dattawan mahauta, shugabannin teloli da 'yan kasuwa, iyayenmu mata da kuke saurare daga cikin gida. Goggo Hansai, mahaifiyar wadda muka taru dominta. Malam Baballe, maigidan marigayiya. Salwa, babbar 'yarta, ke da ƙannenki. 'Yan uwana 'yan aji. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Mamadu Gajere. Yawancinku kun san ni a teburin gyaran waya da ke kan hanyar unguwar Madagaskar. Da 'yan aji suka zauna zaɓen wanda zai yi magana yau, ranar addu'ar arba'in ta Malama Safinatu Ahmad, na ce a ba ɗaya daga cikin waɗanda suka ci konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati da ta shirya mu dominta. Muna da ma'aikacin duwan, wato kwastan, muna da malaman makaranta, muna da ma'aikaciyar jinya. Ni ban ci ba. Hajiya Altine, wadda a shagonta muke karatu, ta dube ni ta ce, "Ai shi ya sa. Tashi ka yi." Sai na tashi.

Malama ba 'yar Brik, unguwarmu ta nan Yawunde, ba ce ta haihuwa. A unguwar Hausawa ta Bamenda aka haife ta, a can ta yi karatu, a can ta koyar da labarin ƙasa da tattalin arziki shekara da shekaru. Da rikici ya rufe makarantu, ta zauna a gida tana jiran a buɗe. Ba a buɗe ba. A shekarar 2018 suka iso nan da abin da hannu zai iya ɗauka. Malam Baballe ya sami rumfa wajen 'yan uwansa mahauta. Ita kuwa, macen da ta saba tsayawa gaban allo, ta koma zama a benci a shagon Hajiya Altine tana ɗora maɓalli a riguna.

A lokacin teburina yana ƙofar wannan shago. Mu samari mukan taru a nan muna hira, kuma hirar ba ta wuce ɗaya ba: konkur ba ta ɗan Brik ba ce, sai wanda ke da uwa a gindin murhu. Wata rana ta leƙo da allura a hannu ta ce, "Kai mai waya, wannan da ke hannunka, daga ina ta zo?"

Na ce, "Daga China, Malama."

"Ta wace hanya? A wace tasha aka sauke ta? Wa ya yanka mata haraji, kuma wace doka ta ba shi iko?"



Ta ce, "Irin tambayoyin da ake yi ke nan a konkur. Mai yiwuwa gaskiya kuka faɗa, akwai masu shiga ta taga. Amma ku ko ƙofar ba ku taɓa ƙwanƙwasawa ba. Idan an idar da La'asar ku shigo ɗakin baya."

Haka ajin ya fara, tsakanin La'asar da Magariba, a cikin ƙyallaye da ƙarar keken ɗinki.

Ta kasance mace mai son a zo mata da labari. Kowa sai ya shigo da abu guda da ya ji a rediyo ko ya karanta a waya, kan fasaha, ko mulki, ko ciniki. Idan ka faɗa, sai ta ce, "To, ina ruwan Goggo da wannan?" Ba ta sakin ka sai ka nuna yadda labarin zai iso tukunyar tsohuwa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara da taswira ba. Ta aike mu wajen 'yan atamfa mu tambayi yadda kaya ke isowa yanzu. Da nama ya yi tsada, ta tura mu wajen Sarkin fawa, ya zaunar da mu ya bi mana hanyar shanu tun daga Adamawa har mayanka. Da muka dawo ta ce, "Yanzu ku rubuta shi da Faransanci, gabatarwa, ciki, kammalawa."

Faransancin nata kuwa, ku da kuka zauna a ajin kun sani. Da Ingilishi ta yi karatu, harshenta bai taɓa lanƙwasuwa ba. Ranar farko aka yi mata dariya. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Mu yi musaya. Ku gyara mini baki, ni in gyara muku tunani." Tana da shekara sama da arba'in ta zauna tana maimaita kalma a bayan yaran da ta haifi sa'anninsu, har ta iya.

Ta kasance mai riƙe zuciyarta. Akwai ranar da darasi ya kai mu kan watannin da aka yanke rezo, wato intanet, a yankinsu. Ta ba mu labarin yadda takan hau mota ta tsallaka wani yanki don kawai ta aika saƙo ta dawo, da yadda masu ƙananan sana'o'i suka durƙushe. Wani ɗan aji ya ce, "Malama, tsakani da Allah, wa ke da gaskiya a rikicin nan?" Duk mun san ƙaninta a hanya aka harbe shi, kuma har yau ba a san wanda ya yi ba. Ta ce, "A takarda za ka rubuta musabbabi, ka rubuta abin da ya haifar, ka kawo mafita. Ka rubuta yadda uwar soja da uwar wanda ke daji za su karanta, kowacce ta ce ba ka yi mata ƙarya ba. Abin da ke raina kuwa, ni da Ubangijina ne." Ta ɗauki alli ta ci gaba.

Da korona ta zo aka hana taro, muka ce aji ya mutu. Sai ga saƙon murya a wayoyinmu kullum bayan La'asar. Da Hausa take yi, ta sa kalmomin Faransanci inda ya kamata. Ba a jima ba saƙon ya wuce 'yan aji. Na sha ratsawa ta layin masu suya in ji muryarta tana fita daga aljihun wani tana bayanin kasuwar bai ɗaya ta Afirka. Direbobin taksi suna sa ta. Wani dattijo daga unguwar Elig-Edzoa ya zo har teburina ya ce in sa shi cikin masu karɓa, domin yana so ya fahimci abin da ya sa kuɗin aikawa ta waya ke ƙaruwa.

Ba kowa ya ji daɗinta ba, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. Tana da kaifin harshe. Idan ka zo da labarin da ba ka tantance ba, sai ta tsare ka a gaban kowa: "Wa ya faɗa? A ina ka gani? Ko an turo maka ne kai ma ka turo mana?" Wasu sun yi fushi sun daina zuwa. Mafi yawansu sun dawo.

Ku ba ni dama in faɗi nawa. Konkur tana da iyakar shekaru, kuma bara ita ce damata ta ƙarshe. Na ci ta rubutu. Na shiga oral, inda ake tsayawa gaban masu tambaya a amsa da baki. Da sunaye suka fito, babu nawa. Washegari da tsakar rana ina zaune ban ko buɗe akwatin aiki ba, sai ga ta tsaye a kaina da lema. Ba ta ce mini wani abu ya fi wannan alheri ba. Ta ce, "Mamadu, jiya na yi kuka. Ka cancanta, kuma ban san abin da ya faru ba. Ba zan yi maka ƙaryar na sani ba." Sai ta ce, "Ɓangaren fasaha ya fi ƙarfina yanzu. Kai ne hannunka ke cikin waya kullum. Ka zo ka karɓa."

Na ce, "Malama, wanda ya faɗi ne zai koyar?"

Ta ce, "Wanda ya san inda ramin yake."

Ban je ba sai bayan makonni. Ba ta sake aiko mini ba, ba ta kuma ba wani gurbin ba. Ranar da na shiga, ta miƙo mini alli kamar jiya muka rabu.

A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama ta. Mun ga ƙafafunta suna kumbura, mun ga tana koyarwa a zaune. Daga baya aka fara kai ta wankin ƙoda, kuma Malam Baballe ya san abin da ya sha a wannan hanya, shi da Goggo. Saƙonnin muryarta suka riƙa gajarta. A na ƙarshe-ƙarshe kana jin numfashinta tsakanin kalma da kalma, tana bayanin dalilin da ya sa yaƙi a wata nahiya ya tsadar da burodi a Yawunde.

Bana Salwa ta zauna konkur, ta ci ta rubutu. Ranar oral ɗinta, Malama tana asibiti. Ni aka ce in raka ta. Mun biya da safe ta gaishe ta. Malama ta kama hannunta ta ce, "Kada ki yi sauri. Idan an tambaye ki, ki numfasa tukuna." Muka hau taksi. A ƙofar wurin aka karɓi wayoyin masu jarrabawa, Salwa ta shiga layi, ni na zauna a waje cikin iyaye.

Hantsi ya ɗaga sai wayata ta yi ƙara. Malam Baballe ne. Ya ce, "Mamadu, Malamarku ta cika." Na yi salati. Na ce bari in shiga in fito da Salwa. Ya ce, "A'a. Tun shekaranjiya ta roƙe ni, in abin ya zo a yau, kada a taɓa yarinyar sai ta fito da ƙafarta. Na yi magana da Liman. Za mu jira ku har La'asar."

Jama'a, ban taɓa zama irin wannan ba. Ina ganin Salwa ta tsakanin ƙarafan shinge, tana zaune a benci, leɓunanta suna motsi tana bita. Sau ɗaya ta waiwayo ta ɗaga mini hannu. Ni ma na ɗaga mata.

Bayan Azahar ta fito da sauri, fuskarta a washe. Ta ce, "Yaya Mamadu, kasuwar bai ɗaya suka tambaye ni. Na numfasa kamar yadda Mama ta ce. Ba ni waya in gaya mata." Ban ba ta ba. Ta dubi fuskata. Ta ce, "Mu tafi."

Mun iso an riga an yi mata wanka an sa ta a likkafani. Goggo ce ta buɗe mata fuskar ta gani.

Salwa, tun ranar ba mu yi maganar nan da ke ba, kuma na ga yadda kike sunkuyar da kai idan mun haɗu. Ina so ki ji a gaban mahaifinki da kakarki da Liman: ba wanda ya raina haƙƙinki. Wasiyyarta muka bi, kuma ta yi mana nauyi. Idan zuciyarki ta ce da an kira ki, ba ki yi laifi ba. Ki ɗauki lokacinki. Sakamako bai fito ba har yanzu, ba mu san abin da Allah ya rubuta ba. Ko da sunanki ko babu, mu mun shaida kin shiga kin tsaya kin amsa.

Malam Baballe, kai ka bar ta ta fita kullum ta koyar da 'ya'yan mutane a lokacin da wasu ke yi maka surutu. Duk wanda ya ci albarkacin ajin nan, ya ci albarkacin haƙurinka. Goggo, kin binne ɗa a Bamenda, kin binne 'ya a Yawunde. Ba mu da kalmar da za ta kai nan. Abin da muke da shi ƙafafu ne da hannaye, kuma naki ne. Ki aike mu kamar yadda za ki aike su.

Ta kasance baƙuwa a unguwar nan, rikici ne ya koro ta. Ta rasu, unguwa gaba ɗaya ta rufe shaguna ta bi gawarta.

Hajiya Altine ta ce ɗakin baya yana nan, ba za ta sa keke a ciki ba. Waɗanda suka ci sun yi alkawarin karɓar darasi bi da bi, na nesa kuma za su aiko da murya. Ba za mu iya yadda take yi ba, wannan mun sani. Duk mai ɗa ko 'ya da ke son gwadawa, ya turo mana.

Muna godiya ga Malam Liman da ya jinkirta sallar jana'iza saboda marainiya. Muna godiya ga mahauta da teloli da suka tsaya wa gidan nan tun daga jinya har yau, da matan unguwa da ba su bar Goggo ita kaɗai ba ko yini guda, da duk wanda ya taso daga nesa.

Ya Allah, baiwarka Safinatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana. Ka tabbatar da harshenta a wajen tambaya. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da mijinta, ka raya 'ya'yanta bisa alheri. Ka kawo zaman lafiya a garin da ta baro da ƙasarmu baki ɗaya, domin waɗanda suka gudo su sami komawa su ziyarci kaburburan nasu. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Malam Liman, a ja mana Fatiha.