Kumfa a Wuyan Doki

A tashar Dutse muna jiran motar Ringim ta cika, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, sai na ji wani mai babbar riga yana kai ƙara wajen wani tsohon Bafulatani da bai sani ba.

"Baba, sammu aka yi wa dokina. Kullum farar kumfa a wuyansa kamar an cuɗa shi da sabulu. Surukina ne, kuma na faɗa masa a gaban jama'a."

"Me kake ba shi?"

"Gero, wake, ƙuliƙuli. Abin da 'ya'yana ma ba sa samu."

"Ciyawa fa, da kanwa?"

"Ciyawa ai ta jakuna ce."

"Yaushe kake hawansa?"

"Bayan azahar, lokacin da mutane za su gani."

"Malam, gumi ne. Ka ɗura masa abinci mai nauyi, ka hau shi a zafin damina da ko iska ba ta busar da jiki. Dubi rigarka, kai wa ya yi maka sammun?"

Mutumin ya leƙa hammatarsa.

"To ai matata ta yi yaji saboda maganar nan. Yaya zan yi?"

"Ka tafi biko. Amma a ƙafa, wannan karon kai za ka yi kumfar."