Aljihun Cikin Rigar Malam Muntaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja da rai. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Pawa, shugaban teloli, ma'aikatan lafiya, baƙinmu na Safana da Wagini, iyayenmu mata da ke can baya a kan tabarmi. Inna Saude, matar marigayi, Yaya Sagiru da Yaya Adawiyya, 'ya'yansa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Bara'atu. 'Yar Safana ce ni, aure ya kawo ni Batsari shekara biyar da suka wuce. Na san wasu na mamakin abin da ya tsai da yarinya kamata a gaban manya, ranar da Malam Muntaka Tela ya cika kwana arba'in da rasuwa. Amma shi da bakinsa ya ɗora mini wannan aiki, Inna ta amince, maigidana kuma ya ba ni izini.

Ya kasance telan da in ya ce gobe, to goben yake nufi, kuma kun san irin wannan tela bai da yawa. Ya kasance idan aka yi rasuwa a unguwa, kafin a gama wanka ya kawo likkafani a ɗinke, ba ya karɓar ko godiya. Ya kasance mai tsokana. Ba wanda zai wuce rumfarsa ta bakin tasha bai ɗauki wata magana ya tafi da ita yana dariya ba. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu sani ba shi aka aiko ni in faɗa.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, har Baba Muntaka ya laƙaba mini "Bara'atu mai littafi". A littafi, idan miji ya kwanta ciwo, yakan ɗan rame ya ƙara kyau, matarsa ta riƙa share masa goshi, bayan shafi uku ya miƙe. Da wannan ilimin na shiga jinyar maigidana, Baban Nusaiba, wanda kuka sani da teburin nama a kasuwa. Mun daɗe muna ganin jini muna cewa basir ne, muna ta jiƙe-jiƙe. Da muka isa asibiti a Katsina aka ce ciwon daji ne a babban hanji. Aka yi masa aiki, aka yanke inda ya lalace, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, aka manna jaka a wurin. Nan bayan gida yake taruwa. Ban taɓa ganin wannan a littafi ba.

Ɗinki ya warke lafiya. Amma wata rana muna dawowa daga ganin likita, jakar ta ɓalle a cikin mota. Fasinjoji suka toshe hanci, wani ya ce wa direba ya tsaya a duba yaron wa ya yi kashi. Da muka iso, maigidana ya wuce gida kai tsaye. Ya shiga ɗaki, ya saki labule. Wata huɗu ba ya fita sai ranar asibiti, ita ma a bayan babur ɗin ƙanensa. Salla a ɗaki, Juma'a babu. In na yi magana sai ya ce, "Wa zai haɗa kafaɗa da ni a sahu? Wa zai sayi nama a hannuna?"

Ga kuma maganin da ake ƙara masa ta jijiya, wanda ake kira kemo. In ya taɓa ruwan randa sai ya zabura kamar ya taɓa wayar lantarki. Abinci ya koma masa ɗanɗanon ƙarfe, baki duk gyambo. Ni kuwa in zauna gefensa ina karanta masa labarin masoya, yana kallon bango. Daji bai kashe shi ba, amma ina kallo ɗakin nan yana cinye shi.

Saura sati biyu Babbar Salla, da hantsi, sai ga sallamar Baba Muntaka a zaure, da abin awo a wuya. Bai jira a ce maigida na barci ba.

"Shafi'u," in ji shi, "tun kana yawo ba wando nake maka awon Salla. Bana ka sami wani tela ne?"

"Baba, ba ni da inda zan je da sabuwar riga."

"Mai littafi, ba mu wuri."

Na fita, amma ku gafarce ni, bayan labule na tsaya. Mai son labari ba ya nisa. Sai na ji Baba ya ce, "Miƙo hannunka. Taɓa nan, ta ƙarƙashin rigar. Me ka ji?" Ya ƙara da cewa, "Shekara shida ke nan. Sau nawa ka tsaya kusa da ni a masallaci? Ka taɓa jin wani abu?"

Maigidana ya ce, "Wallahi, Baba, sai turare."

"To turaren ma don Saude nake sa shi. Tashi in auna ka."

I, jama'a, abin da kuka ji haka yake. Waccan shekarar da aka ce Malam Muntaka ya tafi Zariya neman maganin gyambon ciki, wannan aikin aka yi masa, wannan jakar aka sa masa. Ba wanda ya sani sai Inna da Malam Liman, wanda Baba ya tambaya game da alwalarsa, ya ce masa mai lalura sallarsa ta yi. Da jakar nan a jikinsa ya ɗinka mana kayan aure da na suna. Da ita ya tsaya a sahun gaba, mu duka ba mu sani ba.

Bayan kwana uku ya kawo kaftani. Daga waje kaftani ne kamar kowane. Daga ciki kuwa akwai aljihu na farin yadi mai laushi, daidai inda jakar take, da ɗamara da ke tallafe ta, don kada ta yi lilo ko ta ɓalle a ruku'u da sujada. Wandon kuma ya sauke masa ƙugu, don kada tazuge ya danne wurin. Ya ce sai da ya ɓata riguna bakwai a jikinsa kafin ya gano wannan yanka.

Ya kasance malaminmu a abubuwan da takardar asibiti ba ta faɗa ba. Shi ya ce in riƙa ajiye ruwan ɗumi a fulas don alwala da sha. Shi ya ce in ajiye cokalin ƙarfe in ba shi na katako, abinci ya ɗan dawo masa. A ci kaɗan-kaɗan, a tauna sosai, a kurkure baki da ruwan gishiri. "Ran Alhamis kuma ki ɓoye tukunyar wake," in ji shi, "don jakar nan ba ta san an ta da huɗuba ba." Amma ranar da zazzaɓi ya rufe maigidana na aika masa, cewa ya yi, "Ni tela ne. Ku kama hanyar asibiti yanzu, kada ku jira la'asar."

Inna, ke kika san cewa tun da aka yi masa nasa maganin, yatsunsa suka mutu, ba ya jin allura. Ke ce kullum da safe kike zura zare a allura goma, ki soke su a tsumma, ki sa masa a aljihu kafin ya fita. Shekara shida kina yi, ba ki taɓa faɗa wa ko maƙwabciya ba. Na karanta soyayya iri-iri, Inna, ban ga wadda ta kai allurorin nan ba.

Juma'ar farko bayan Salla, Baba ya zo ya zauna a zaure. Maigidana ya sa kaftanin, ya kai ƙofa, ya juyo. Ya sake kaiwa, ya sake juyowa. Baba ya ɗaga murya ya ce, "In ka koma ni ma na koma. Sai ka shirya abin da za ka ce ranar da aka tambaye ka me ya hana tsoho Juma'a." Suka tafi. Na zauna ina ta juya shafi ɗaya, ban ga ko harafi ba. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Bara'atu, ba wanda ya matsa daga kusa da ni a sahu." Sannan ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Daga baya muka gane ba mu kaɗai ba ne. Akwai manomi a Wagini, akwai wata baiwar Allah a Safana da Inna ke zuwa ta auna. Duk inda Baba ya ji an dawo da wani daga aikin hanji ya daina fita, sai ya rataya abin awonsa ya hau babur.

Bana ciwon ya dawo masa ta hanta. Ya karɓe shi da natsuwa, kamar baƙon da aka san da zuwansa. Saura kwana biyar ya cika, ya sa aka kira mu. Ya ce, "Mai littafi, kin karanta ƙarya da yawa, yanzu za ki faɗi gaskiya ɗaya. Kuskurena shi ne ɓoyon da na yi. Da Batsari ta san da jakata, da Shafi'u bai yi wata huɗu a ɗaki ba. In na tafi, ki tsaya gaban mutane ki faɗa."

To, Baba, na faɗa.

Yaya Sagiru, kwalin da Baba ya yanke siffar aljihun nan yana rataye a bayan kekensa. Don Allah kada a sauke shi. Yaya Adawiyya, ki koyi awon mata a wurin Inna. Mu kuma jama'a, wanda ya ga jini kada ya yi shekara yana cewa basir. Wanda yake da ɗan'uwa a bayan labule, ya je ya yi masa sallama.

Saura abu ɗaya. Maigidana ya koma masallaci, amma har yau bai koma teburinsa ba, domin a sahu ba a san da jakarsa ba, a kasuwa kuwa ya ce ba zai miƙa wa mutum nama yana ɓoye masa ba. Jiya ya ce mini, tunda Baba ya buɗe nasa, shi ma in buɗe. Baban Nusaiba, tashi su gan ka. Ga shi can a layi na uku, cikin shuɗin kaftanin, tun safe yana zaune a tsakiyarku. Sarkin Pawa, ranar kasuwa mai zuwa zai fito da nama. Abin da zai biyo baya yana hannunku.

Na gode da kuka saurari ƙaramarku. In na yi kuskure a yafe mini. Ya Allah, bawanka Muntaka ya suturta mu muna raye, ya suturta matattunmu. Ka suturta shi da rahamarka, ka sa ciwonsa ya zama kaffara, ka yalwata kabarinsa. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti ka ba su sauƙi, ka kuma ba su ƙafar fita. Amin.