Tukuicin Matan Rumfar Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya tara mana ruwan nan, ya sanya abincinmu a cikinsa da bakinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, Malam Abdullahi. Wakilin Dagaci, Allah ya ƙara wa maigidanka lafiya. Liman, Allah ya gafarta malam. Dattawan Tiga da suka san wurin nan tun kafin ruwa ya kwanta a kansa. Baƙinmu na Bebeji da Ƙofa da Kiru, da waɗanda suka yi sammako daga Tudun Wada da Doguwa. 'Yan'uwana masu jirage da masunta da masu noman rani. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin ɗorawa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga dattawa da suka yarda ƙaninsu ya miƙe tsaye suna zaune, ina kuma godiya gare ku da kuka bar gonakinku da rumfunanku kuka zo wannan zama na shirin Sallah. Ga wanda bai san ni ba, sunana Shitu, ni ne mai koren jirgin nan da ke ɗaure kusa da wurin masu sayar da kifi. An ce in yi magana a kan kuɗin fetur da gyaran injuna. Shugaba ka gafarce ni, zan bar wannan ga waɗanda suka fi ni iya lissafi, domin akwai maganar da ta fi fetur ƙona mini ciki, kuma in ban faɗe ta yau ba, ban san ranar da zan ƙara samun iyaye maza da iyaye mata a inuwa ɗaya ba.

Maganata a kan rumfar yara ce.

Baƙinmu sun san yadda muke yi. Ranar Sallah da kwanakin da ke biye da ita, magidanci yakan kwaso iyalinsa ya kawo su yawon shan iska a kan ruwa. Manya su shiga jirgi, ƙananan da ba su isa shiga ba a bar su a rumfar zana da ke bayan masallaci, a hannun mata masu kula da su. Amma ba kowa ya san dalilin kafa rumfar ba. Wata Sallah, kafin a kafa ta, wata yarinya mai suna Rumaisa, ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta miƙa hannu za ta kama ruwa, ta suɓuce daga cinyar uwarta. Ina cikin jirgin da ke gefe, na gani da idona. Allah ya sa wani masunci yana kusa, ya cafo ta da rai. Amma ƙarar da uwar nan ta yi, jama'a, har yau in iska ta kaɗa ta wannan ɓangaren sai in ji kamar ina jin ta. A ranar ne Inna Asabe, ga ta can zaune da farin mayafi, wadda duk garin nan ya san wainarta, ta ce a kafa mata zana, a kawo mata yaran, kada a ƙara shiga ruwa da wanda bai san ruwa ba. Daga lokacin zuwa yau, ba mu ƙara ganin irin wannan rana ba.

To, bana Inna Asabe ta ce ba za ta buɗe rumfa ba.

Na je gidanta ran Talata in gaya mata an yanko sabuwar zana. Na tarar ta sauko da tandar waina daga kan rumbu tana kankarewa. Na ce, "Inna, wannan tanda fa?" Ta ce, "Shitu, bana waina zan toya. Sallah ita ce kasuwata, na bar ta shekara da shekaru saboda 'ya'yan mutane. Hamdiyya mai taya ni ma ta ce in na bari ta bari, sauran ma haka." Na ce, "Inna, abin da ƙungiyarmu ta masu jirage ke bayarwa ne ya yi kaɗan?" Ta ce, "Ya yi kaɗan, amma ba shi ya fi ci mini rai ba. Daga inda nake zaune ina hango ku. Ina ganin maigida ya sauko yana dariya, ya sa hannu a aljihu ya ba ka tukuici, ya dafa kafaɗarka a ɗauke ku hoto. Ni kuwa ɗansa na bayana ya jiƙa mini zani, ko sannu ba ta iso ni ba."

Jama'a, gaskiya ta faɗa. Na dawo gida ina juya maganar, ina tambayar kaina: shin mutanenmu marowata ne? Wallahi ba marowata ba ne. Ni shaida ne, aljihuna shaida ne. To me ya hana alherin nan isa rumfa? Na duba, na ga abu uku, kuma dukansu daga kyakkyawar tarbiyyarmu suka fito, shi ya sa muka daɗe ba mu gan su ba.

Na farko, aljihu yana jikin maigida, maigida kuwa ba ya zuwa rumfa. Yana sauka daga jirgi sai ya tsaya cikin abokansa ya ce, "Ke, je ki ɗauko yaran." Ba wulaƙanci ba ne, kunya ce. An koya mana namiji ba ya kutsawa cikin mata, an koya mana uba ba ya rawar jiki a kan ɗansa a gaban mutane, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. Sai kuɗi su tsaya a bakin ruwa tare da mai su, su faɗa hannun wanda ya fi kusa. Wanda ya fi kusa kuwa ni ne da 'yan'uwana masu jirage.

Na biyu, ita uwar da aka aika. Wata ba ko sisi a hannunta, domin an fito ne da aljihun maigida. Wata kuma tana da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zani, amma ta dubi Inna Asabe, sa'ar mahaifiyarta, sai ta ji nauyi, ta ce a ranta, "In na miƙa mata wannan za ta ce na raina ta." Sai ta durƙusa ta ce Allah ya saka da alheri, ta saɓi ɗanta ta wuce. Addu'a abu ce mai girma, ga Liman nan ba zai bar ni in ce wani abu dabam ba. Amma mu masu jirage ana yi mana addu'ar, ana kuma haɗa mana da ta aljihu, ban taɓa jin wanda ya ce ɗaya ta ɓata ɗayar ba.

Na uku, wannan kuwa ku yi haƙuri in kun ji an taɓa ku. Akwai wanda yakan daure ya miƙa. Matan rumfa kuma 'ya'yan mutunci ne, sai su ce, "A'a, haba, ai yi wa kai ne, bar shi." Kowa a nan ya san wannan a'a ta gaisuwa ce. Iyayenmu in suka ji ta sukan ce, "Don Allah ki karɓa," su nace, su tura a hannu, su juya su tafi. Mu kuwa na yanzu, kafin ta rufe baki hannu ya koma aljihu, har da ajiyar zuciya, kamar wanda aka ce ya tsallake shingen karɓar haraji. Kuna dariya, domin kowa ya san wani, in kuma bai san wani ba ya san kansa.

Yanzu ku dubi aikin. Ni ina zagayawa da ku ne a kan ruwa, inji ke yin rabin wahalar, ina zaune iska na kaɗa ni. Hamdiyya kuwa, yarinya matashiya da ya kamata a ce tana gidan iyayenta yawon Sallah da sabon ɗinki, tun hantsi take tsaye. Wannan ya yi kuka ta goya, wancan ya ɓata jikinsa ta wanke, wannan ya nufi bakin ruwa da rarrafe ta bi shi a guje, waccan ta ƙi cin komai sai an yi mata waƙa. Bara wani yaro zazzaɓi ya rufe shi iyayensa na tsakiyar ruwa, ita ta yi ta jiƙa tsumma tana shafa masa har suka dawo. Uban ya ba ni tukuici mai kauri a ranar, saboda na kai su kusa da duwatsu sun yi hoto. Bai ma san sunanta ba. A al'adarmu wanda ya kawo maka tuwo daga maƙwabta kana ba shi tukuici, wanda ya kawo maka albishir kana ba shi tukuici, wanda ya kawo maka kason nama kana ba shi tukuici. Ashe wadda ta miƙo maka ɗanka da ransa da lafiyarsa ita ce ba ta kawo maka komai ba?

Kada wani ya ce mini kunya ce ta ɗaure shi. Inna Asabe ta gaya mini mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa. Abdulganiyu ne, makiyayi daga wajen Doguwa. Ku gaya mini, wa ya kai Bafulatani kunya a kan ɗansa? Bai shiga rumfa ba, bai kalli yaron ba, bai ambaci sunansa ba. Ya tsaya daga nesa, ya ba rumfar baya, ya dogara sandarsa ya ce, "A gaida masu aiki. Allah ya raya naku." Ranar kasuwa kuma sai ga matarsa da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu, ta ajiye a ƙofar Inna ta tafi. Kunyarsa ba ta ragu ba, alherinsa kuma ya isa inda ya nufa. Inna ta ce mini har yau ƙwaryar na ɗakinta, ba ta bari a taɓa.

Saboda haka ina roƙo, kuma roƙon wanda ya riga ya yanke shawara ne.

Ina roƙon iyaye maza: in ka sauka daga jirgi, taka zuwa bakin rumfa, ka yi sallama daga waje, ka ce sannunku. In ƙafarka ta ƙi, to tun kafin ka shiga jirgi sa abin a hannun maiɗakinka, ka ce na matan rumfa ne. Ban yanka wa kowa adadi ba, ba kuwa zan yanka ba, domin abin da aka yanka ya tashi daga tukuici. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai albasa ya ba da albasa, mai kifi ya ba da kifi. Kada kuma ka ba mai jirgi ka ce a raba da su. Ba na zargin kowa, amma abin da aka ce a raba a bakin ruwa, ruwan yakan sha rabinsa kafin ya hau tudu.

Ina roƙon iyaye mata: ku bar auna ƙanƙantar abin da ke hannunku. Ku miƙa, in an ce a'a ku nace, kamar yadda kuka ga iyayenku na yi.

Ina roƙon ƙungiya, shugaba, abu biyu. A ƙara wa matan rumfa rabonsu daga kuɗin jirgi, domin tukuici godiya ce, ba ya zama madadin lada, kuma ba daidai ba ne mace ta bar kasuwarta ta dogara da wanda zai tuna da wanda zai manta. Sannan a sauya hanyar fita. Yanzu wanda ya sauka yana miƙewa ne kai tsaye wurin motoci. A karkata hanyar ta bi ta gaban rumfa, kowa ya wuce ta nan, ido ya ga ido.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu. Suna cewa, in an rufe rumfa sai me, a riƙe yaran a cinya kamar da. To ku ji da kyau, ku kuma kai wa wanda bai zo ba: ni Shitu ba zan ɗauki jariri ko mai rarrafe a jirgina ba, ko uban zai cika mini shi da kuɗi. Na ji ƙarar uwar Rumaisa sau ɗaya, ta ishe ni har in koma ga Allah.

Shugaba, da izininka. Wannan da na zaro daga aljihu, masu jirage sun san shi, fulogin injina ne. Da safen nan na kwance shi, in ba shi jirgina katako ne kawai a kan ruwa. Kowa ya san kwanakin Sallah su ne kakarmu, da su nake sayen hatsin damina, da su nake biyan makarantar yarana. Ban tilasta wa kowane mai jirgi ya bi ni ba. Amma nawa, ga shi, a miƙa wa Inna Asabe. Inna, ki ƙulle shi a bakin mayafinki. In kin ga taron nan ya yi abin da zai sa ki mayar da tanda kan rumbu, ki aiko mini da shi in tayar da inji. In kuma ba ki gani ba, ki riƙe, ranar Sallah zan zo in zauna a gaban tandarki in sayi waina, koren jirgi yana ɗaure, duk wanda ya tambaye ni dalili in nuna masa rumfar da babu kowa a ciki.

A'a, Inna, kada ki ce mini bar shi. Na san wannan a'ar, kuma ni hannuna ba zai koma aljihu ba. Don Allah ki karɓa.

Allah ya saka wa matan rumfa da alherin da ya fi namu. Allah ya raya mana zuriyarmu, ya tsare su daga sharrin ruwa da na tudu. Allah ya sa mu zama masu ganin wanda ya yi mana hidima ko da yana bayan zana. Allah ya ƙara wa shugabanninmu adalci, ya ba dattawanmu lafiya, ya nuna mana Sallah lafiya, ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya.

Na gode.