Ranar da Za a Bari Ba Lacca

A tashar Batsari, cikin shekarun da tambayar hanya ta zama abin tsoro, wani saurayi ya zauna kusa da Malam Ubale, dillalin wake, ana jiran motar Katsina ta cika.

"Baba, ina wuni? Don Allah wace rana hanyar Tsaskiya ta fi lafiya?"

Ubale ya ƙare masa kallo har takalmi. Bai san fuskar ba.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Kwaleji na samu a Katsina, gobe za mu zaɓi darussan zangon farko. Ina so in bar rana guda ba lacca, in riƙa zuwa taya tsohona roron wake."

"Wanda ya ƙirga mana shanu bara ma cewa ya yi ɗalibi ne. Ɗan wa ne kai a Tsaskiya?"

"Ba zan faɗa ba, Baba. Ni ma ban san ka ba."

Amsar nan ce ta kwantar wa Ubale da hankali. Da mai kai wa ɓarayin daji rahoto ne, da tuni ya jero sunayen dangi.

Saurayin ya ce, "An ce mini in bar Alhamis, tunda ranar kasuwa ce, mota na bin mota."

"Yarona ma Alhamis ya bari. Ya yi ta zuwa har ɓarayin suka gane ranarsa. Ka cika ta da lacca, ka cika sauran duka. Gara wake ya ruɓe a gona."

"Shi yanzu yana aji nawa?"

Ubale ya miƙe, ya ɗauki buhunsa.

"Tashi mu shiga, yaro. Mota ta cika."