Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A bencin asibitin tarin fuka na unguwar Khayelitsha, Mama Nobantu ta gaji da kallon baƙon da ke gefenta yana ta juya takardu.

"Ɗana, kai ma tarin ne?"

"A'a, Mama, ni lauya ne, likita nake jira. Wani kamfani muka kai kotu. Wai su suka ƙirƙiro haɗa wasu magungunan tarin fuka guda biyu, don haka ba mai yin na araha sai bayan shekara ashirin."

"Da me za ka ƙaryata su?"

"Da rahoton gwajin da aka buga tun kafin su yi rajistar mallakar haɗin. Mutum ɗari uku aka ba haɗin a unguwar nan."

"Mai sa jiri, fitsari ya koma ja?"

Ya ɗago kai. "Ya aka yi kika sani?"

"Wata tara ina haɗiyarsa. Akwai sunayenmu a ciki?"

"Lamba kawai ake sawa, Mama."

Ta daɗe tana kallon takardun.

"Nemo ɗari biyu da sha huɗu. Ka gaya wa alƙali tana nan da ranta. Yau jikarta mai tarin ta kawo, an ce kuɗin maganin ya fi ƙarfin asibiti."