An Raba Irin Auduga Ina Cin Rani

Assalamu alaikum Malam, sannu da aiki. Ni ne Ɗanjuma na Ƙarfi, ina dako a Ikko. Jiya wani ɗan garinmu ya iso, ya ce an yi shela an raba irin auduga. Matata ta je da buhu, malamin gona ya ce, "Sai maigida ya zo da kansa." Ban ga laifinsa ba, umarni ya bi. Amma mu magidanta muna nan cin rani, wa aka yi wa shelar? Na gaji, Malam. Ku tambayar mini hukuma, gonata haka za ta kwana bana? Ina gaida maƙwabcina Tanko. In nasa ya yi saura, ya tuna da ni.